Jarkoki Cikin Likkafani

Barci ya sace Haladu direba da tsakar rana, bayan Azahar, a inuwar darbejiyar da ke bayan siton Alhaji Ɗan'azumi a gefen birni. Ba gajiya ce ta kwantar da shi ba, gudun tunani ne. Ya kashe wayarsa ya tura ta ƙarƙashin hula, don kada Ɗanlami, wani ɗan garinsu, ya sake kiransa.

Haladu shi ke tuƙa motar gawa ta garin Tsaunin Bawa, ita kaɗai ce kuwa a garin da ƙauyukan da ke kewaye da shi. Alhaji Ɗan'azumi ne ya saye ta sadaka shekara shida da suka wuce, aka rubuta sunansa a jikinta da koren fenti, liman ya yi ta sa masa albarka har murya ta dushe. Abin da liman bai sani ba shi ne, tun da aka hana sayar da giya a yankin, ba wanda hanin ya yi wa rana kamar Alhaji. Sau biyu a mako motar kan ɗauko wata irin gawa daga siton nan. Ƙananan jarkokin ogogoro, barasar nan mai ƙarfi, ake jerawa cikin makara, a sa matashi wajen kai, a naɗe da likkafani, a ɗaure yadda ake ɗaurewa, a yayyafa turare. Sauran kayan a zuba su ƙarƙashin daɓen motar, inda aka ƙera wani murfi. Ƙarti biyu su zauna a baya da carbi, su sha mur. Shinge huɗu ne tsakanin birni da gari, kuma ba a taɓa cewa a buɗe ba. Wa zai buɗe gawa?

To, ran nan da safe Inna Ladidi ta rasu a asibitin birni. Ita ke wankan gawar mata a Tsaunin Bawa fiye da shekara talatin, ita ce ma ta wanke mahaifiyar Haladu da hannunta. Ɗanta Ɗanlami ya kira yana kuka, ya ce don Allah a zo a ɗauke ta, a kai ta makwancinta kafin rana ta faɗi. Shi kuwa gogan naka, da yake ranar lodi ce, ya buɗe baki ya ce mota ta lalace tana wurin bakanike. Tsakanin asibitin da inda yake kwance ko tafiyar minti goma babu. Da wannan ƙarya a bakinsa ya yi barci.

Sai ya ga kansa tsaye a bakin wata jar hanya, ba mota, ba makulli a aljihu. Rana tana tsaka, amma ba abin da ke da inuwa. Wani tsoho na zaune kan tudun ƙasa, ƙafafunsa buɗu-buɗu har gwiwa irin na masu haƙar kabari, yana riƙe da dogon kara irin wanda ake auna mamaci da shi.

"Sannu da hutawa, Baba. Nan ina ne?"

Tsohon ya miƙe ya jingina karan a jikin Haladu daga ƙafa har ka, ya sa farce ya yi shaida.

"Ba yau ba," in ji tsohon. "Yau kallo aka kawo ka. Biyo ni."

Suka isa ƙofar wani birni mai ganuwa wadda ido bai kai ƙarshenta. A bakin ƙofar an gicciya katako, shinge ne sosai, sai dai ba mai tsaro ko ɗaya. Ga layin mutane ya miƙe har inda ƙasa ta haɗu da sama, kowa da kayansa. Akwai fatake da jakuna ɗauke da mangalar gishiri. Akwai ma'aikatan jirgin ƙasa baƙi ƙirin da gawayi, rungume da buhuna. Ga masu garwar kananzir, ga wata mata da ƙaton ciki ya kai mata har haɓa, ga waɗansu fararen fata masu malafa da kwat suna gangaro da ganguna.

"Baba, su wane ne waɗannan?"

"Magabatanka ne a sana'a."

"Ai ni direba ne, Baba."

"Su ma kowa da sunan da yake kiran kansa. Wancan falke ne, wancan ɗan jirgi, waccan mai juna biyu. Tun zamanin Turawa aka shata layi aka ce barasa kada ta hauro Arewa. Ranar da aka shata layin, ranar aka haifi sana'ar nan. Waɗancan masu malafar kuwa daga ƙetaren teku suke. Su ma an taɓa hanawa a ƙasarsu, suka yi ta harbe juna a kan titi saboda wa zai mallaki wace unguwa."

Bai rufe baki ba sai falken da ke gaba ya iso shingen. Nan take mangalar da ke bayan jakinsa ta buɗe baki ta yi magana da murya kamar ta mai shela. Ta ce ita ba gishiri ba ce, kwalabe goma sha biyu ne a cikinta. Ta faɗi garin da aka kai ta, da gidan da ta shiga, da sunan matar da aka karya wa hannu a daren da aka sha ta. Falken ya toshe kunnuwa, amma muryar ta koma fitowa daga cikin ƙirjinsa. Bayansa garwar kananzir ta ɗauka. Bayanta cikin matar nan ya tsage, robobi suka zubo suna ta kiran sunayen mutane. Haladu ya tsaya baki sake. Shi da ya wuce shinge sau ɗaruruwa da sallama kawai, bai taɓa tunanin akwai wanda kaya ke tona kansu a gabansa ba.

Suka shige cikin birnin. Wari ne ya fara tarar su, wani wari mai yanka hanci, kuma Haladu ya san shi. Watanni uku ke nan warin kayan Alhaji ya sake ya koma haka, ya ji, ya kau da kai. Unguwa ce ta duro-duro, kowace duro da mutum a tsaye kanta da muciya. Kowane mai muciya kuma makafi sun kewaye shi, sun riƙe gefen rigarsa, suna ta yi masa tambaya.

"Faɗa mini kamannin 'yata," in ji wani makaho, saurayi ne ma bai wuce talatin ba. "Tana goye idona ya rufe. Fara ce ko baƙa? Da wa ta yi kama?"

Mai muciyar ya buɗe baki zai amsa, maimakon magana sai wani farin ruwa ya ɓulɓulo daga bakinsa da hancinsa, ya shaƙe shi har ya faɗi yana shure-shure. Yana farfaɗowa makahon ya sake jan rigarsa ya maimaita tambayar.

"Innalillahi! Baba, me suka yi?"

"Masu haɗi ne. Sun ga giya ta yi wuyar samu, sai suka riƙa ƙara ta da ruwan da masu fenti ke tsinka fenti da shi, don duro ɗaya ta zama uku. Wanda ya sha kaɗan ya makance, wanda ya sha da yawa aka kai shi kabari."

"Amma Baba, su ma makafin nan ai da laifinsu. Wa ya aike su sha?"

"Nasu hisabin yana nan, ba a manta ba," in ji tsohon. "Amma maye suka saya, ba su sayi makanta ba."

Gaba kaɗan suka fito wani fili mai ƙyalli, Haladu ya zaci ruwa ne. Da suka matso sai ya ga fasassun kwalabe ne shimfiɗe har gwiwa. Mutane masu kaki iri-iri suna tafiya a ciki ba takalmi, kowa da katan-katan a kansa, ba dama ya sauke. Jini ya yi layi a bayan kowannensu.

"Waɗannan su aka ba amanar hanya," tsohon ya ce tun kafin a tambaye shi. "In suka kama mota goma, sai su tara jama'a da masu ɗaukar hoto, su fasa kayan mota uku, a yi kabbara. Sauran bakwai su fita ta ƙofar baya su koma hannun mai su. Abin da suka fasa shi suke takawa, abin da suka ɓoye shi suke ɗauke da shi."

"Duk masu kaki nan suke ƙarewa?"

"A'a. Akwai waɗanda suka tsare tsakani da Allah, za ka ga waɗansunsu. Ba a nan suke ba."

A bakin filin akwai wani dogon zaure, manyan mutane jere kan kujeru masu taushi, rawuna da huluna da manyan riguna, kowa da alƙalami a hannu. Gyangyaɗi suke yi, irin na wanda ya shekara bai runtsa ba. Da zarar kan ɗaya ya sunkuya, sai wata mata ta matso daf da kunnensa ta kira sunan ɗanta da ƙarfi, ya zabura. Matan sun yi layi har waje, kowace da sunan da za ta kira.

"Su kuma fa, Baba? Na ga kamar manya ne."

"Su suka sa hannu a dokar hani. Aka yi musu tafi, suka naɗe takarda, suka shiga gida suka kwanta. Ba wanda ya fito ya tambayi wa ke tsaron hanya, ko me ya sa samari ke makancewa a garin da aka ce ba giya. Waɗansu ma abin da suka hana talaka da rana shi ake kai musu gida a cikin kwali. Sun yi barcinsu a can, ya ƙare."

Daga nan hanya ta hau tudu. Gidaje ne na alfarma, a ƙofar kowane gida mai gidan na zaune cikin farar shadda, ba ɗigon datti a jikinsa. Haladu ya ce a ransa, to ga waɗanda suka tsira. Sai ya ga ana kawo musu manyan faranti a rufe. Aka buɗe wa wani, ga tabarmin masallacin da ya saya, sharkaf da ogogoro. Aka buɗe wa wani, ga rijiyar da ya haƙa wa unguwa, tana tafasa da wari. Kowa aka miƙa masa aka ce ya karɓi sadakarsa, an dawo da ita. A bayan kowace kujera kuma samari ne tsaye, masu sara a ka da masu harbi a ƙirji, waɗanda suka kashe juna kan hanyar da ba tasu ba. Kallon ƙeyar mai gidan kawai suke yi, shi kuwa ya kasa waiwayawa.

Kujera ɗaya ce ba kowa a kanta. A jikinta an yi rubutu da koren fenti, irin rubutun da Haladu ke wankewa kowace safiya a jikin motar gawa. A bayanta mutum ɗaya ya fi kusa, gajere, wuyansa a karkace.

"Sale Guntu!" Haladu ya yi ƙara. Shi ne direban Alhaji da Haladu ya gada, tun kafin a sayi motar gawa. "Baba, ai an ce haɗari ya yi a kan babur."

"Cewa ya yi zai daina," in ji tsohon.

Haladu ya kawar da ido daga wuyan Sale. Amma ɗan Adam da son kai, suna gangarowa daga tudun sai ya ji wani sanyi-sanyi a ransa, don an wuce unguwa biyar ba a nuna masa wurinsa ba. Har ya sami bakin magana.

"Alhamdu lillahi, Baba. Ni dai ko ɗigo ban taɓa kai wa bakina ba. Ban dama ba, ban sayar ba, ban taɓa marin kowa ba. Sitiyari kawai nake riƙewa."

"Gaskiya ka faɗa," tsohon ya ce. "Shi ya sa ba a ajiye ka cikinsu ba. Kai naka wurin daban ne."

Suka zagaya wata katanga, sai ga hanyar Tsaunin Bawa shimfiɗe a gabansu, da gadarta da kwanarta da komai. Gefe da gefe mutane ne tsaye, dubbai, kowa ya ɗaga tafin hannuwansa sama, cike da wani abu mai haske da ke neman zuba. Haladu ya soma gane fuskoki. Ga 'yan acaɓar da kan ja gefe su kashe babur in ya zo wucewa. Ga mai ƙosan bakin gada da kan ajiye matsami ta rufe kanta. Ga manoman da kan dogara da fartanya su sunkuyar da kai. Ga wani ɗan sanda mai furfura a shinge na biyu, wanda kullum sai ya cire hula ya ɗage katako da hannunsa ya ce Allah ya sa ya huta. Hannuwansu na rawa don gajiya, amma ba wanda ya sauke.

"Me suke riƙe da shi, Baba?"

"Addu'o'in da suka yi wa gawarka. Shekara shida, sau biyu a mako. Wannan ya ce Allah ya jiƙansa, wannan ya ce Allah ya ba iyalansa haƙuri. Waccan matar mijinta ta tuna, ta yi kuka har ta kasa tuya. Addu'a ba ta faɗuwa ƙasa, Haladu, kuma waɗannan ba su sami mai su ba. Kai ka karɓa, kai za ka nuna musu wanda za su ba."

Sai ga makara an sauke a tsakiyar titi, naɗe da likkafani, ɗaurin kuwa ɗaurin hannunsa ne. Jama'a suka yi sahu-sahu. Wani liman da ba a ganin fuskarsa ya matsa gaba, ya juyo ya yi tambayar da akan yi kafin a ta da kabbara.

"Wa ya kawo gawa?"

Aka tura Haladu gaba.

"Namiji ne ko mace?"

Haladu ya juya ya kalli makarar.

"Babba ne ko yaro? Wane ne sunansa? Ɗan wane gida ne? Jama'a na jira, hannuwansu sun gaji."

Ya dubi ɗan sandan nan mai furfura, ɗan sandan ya dube shi da tausayi, irin kallon da akan yi wa mai zaman makoki. Wannan kallo ya fi masa fasassun kwalabe ciwo. Ɗaurin likkafanin ya warware da kansa, jarkoki suka gangaro kan kwalta ɗaya bayan ɗaya, matashin kai ya faɗo a ƙarshe. Ba wanda ya zage shi. Wani dogon nishi kawai ya tashi daga sahun farko har na ƙarshe, kuma ba wanda ya sami damar sauke hannunsa. Haladu ya so ƙasa ta tsage ya shige, ƙasa ta ƙi.

Tsohon ya ja shi da hannu zuwa ƙarshen hanyar, inda waɗansu mutane ke zaune shiru kan dakali, kowa lulluɓe da zane ko tabarma.

"Waɗannan su ne masu motar na gaskiya. Wancan ya kwana biyu a asibiti ana jiranka, har ya soma sakewa. Wancan a amalanke aka kai shi. Wancan yaron a kan babur aka ɗauko shi, tsakanin ubansa da kawunsa, an sa masa hula kamar mai rai. Duk ranar lodi suka mutu."

A can ƙarshen dakalin wata tsohuwa ce zaune, ta ƙanƙame zanenta da hannu biyu. Ta ɗago kai.

"Haladu, kai ne? An gyara motar?"

"Inna," ya ce.

"Ba komai, ɗan nan, in ba ta gyaru ba sai a nemi wata. Ni dai roƙona ɗaya, kada a bari a buɗe ni a hanya. Mata nawa na rufe a garin nan, ban taɓa barin ko ƙafar ɗaya a waje ba. Har da Hajara uwarka."

Tana cikin magana sai ga hannuwa suna fitowa daga iska, ba jiki, ba fuska, suna kama gefen zanenta suna ja. Tana ja, suna ja. Haladu ya yi kukan kura zai kai mata ɗauki, ƙafafunsa suka kafe.

"Baba, hana su! Hannuwan wa ne?"

"Duba da kyau."

Ya duba. Kowane hannu da tabon ƙunar lagireton mota a bayan babban yatsa, tabon da ke hannunsa na dama.

"Magana ta fara fita cewa ana ɓoye giya cikin makara," in ji tsohon, muryarsa ta yi nauyi. "Daga yau masu shinge za su fara buɗe gawa, kowace mota ta ɗauko ta. Mutuncin da mamaci ke da shi a hanya ba na Alhaji ba ne, ba naka ba ne, na kowa ne, kuka ɗauka kuka sayar. Wanda zai yaye zanen nan aikinsa yake yi. Kai ka aiko shi."

Zanen ya soma zamewa daga kafaɗar Inna Ladidi. Haladu ya kurma ihu.

Ihun ne ya tashe shi. Ya farka jiƙe sharkaf, bakinsa na ta maimaita innalillahi, ganyen darbejiya manne a kumatunsa. Inuwa ta karkata, La'asar ta yi. An gama lodi, ƙartin sun zagaya cikin sito cin abinci, ana jin dariyarsu. Ya leƙa bayan motar, ga gawar ƙarya kwance cikin makara, an ɗaure ta tsaf, tana ƙamshin turare.

Ya tuna wuyan Sale Guntu. Ya daɗe a tsaye riƙe da ƙofa. Sa'an nan ya hau, ya kwance ɗaurin, ya turo jarkokin ƙasa da ƙafa, ya watsar da likkafanin. Na ƙarƙashin daɓe sai da sufana ake buɗe su, ba lokaci. Ya ta da mota ya fita da gudu, yana jin ana ƙwala masa kira a baya. A hanya ya kunna waya.

"Ɗanlami, ku fito da Inna. Ga ni nan."

Suka sa ta cikin makara lulluɓe da zanenta da tabarma, Ɗanlami da ƙanwar marigayiyar, Inna Tabawa, suka zauna kusa da ita. Shinge na farko aka ɗaga musu. A na biyu katako bai motsa ba. Ɗan sanda mai furfura na nan a gefe, kansa a ƙasa, amma wani sabon jami'i ne ya tako ya buga jikin motar.

"Buɗe baya. An ba mu umarni, duk motar gawa sai an duba."

"Yallaɓai, mahaifiyata ce," in ji Ɗanlami. "Ga takardar asibiti."

"Takarda kowa na iya bugawa. Ɗage tabarmar, a buɗe fuska da jiki mu gani."

Inna Tabawa ta faɗa kan makarar ta rungume ta tana salati. Mutane suka fara taruwa, masu talla da 'yan acaɓa. Jami'in ya sa ƙafa ya hau, ya miƙa hannu ya kama gefen tabarmar.

"Yallaɓai, tsaya!"

Haladu ne. Ya sauko, ya zagayo, muryarsa ta fita har bayan taron.

"Abin da kuke nema yana nan, amma ba a jikinta yake ba. Yana ƙarƙashin daɓen da kake takawa. Jarka ashirin. Ni na ɗauko, shekara shida ina ɗaukowa, kuma zan kai ku inda ake lodi, in faɗa muku mai kayan. Duk gawar da na wuce da ita nan ran Litinin da Alhamis ƙarya ce. Wannan gaskiya ce. Ku yi mini duk abin da za ku yi, amma don girman Allah kada ku buɗe ta."

Jami'in ya dube shi, ya dubi daɓen, sannan a hankali ya saki tabarmar. Ɗan sanda mai furfura ya ɗago kai ya zuba wa Haladu ido, wannan karon ba tausayi a ciki. Shi ne ya tsayar da wata a-kori-kura, shi ne kuma ya fara sa kafaɗa aka ɗauke makarar daga motar Alhaji, 'yan acaɓa suka kama masa.

Aka zaunar da Haladu a bakin kwalta da ankwa a hannu, ana kwance murfin daɓe, wari na tashi. Kafin a-kori-kurar ta tashi Ɗanlami ya tako ya tsaya a kansa, idanunsa jawur.

"Yaya Haladu, a kan wannan ka ɗora mini uwa?"

"A kansa na ɗora ta, Ɗanlami."

"Da safe kuma ka ce mota ta lalace."

"Ƙarya na yi maka."

Ɗanlami ya daɗe yana kallonsa. Bai ce ya yafe ba, bai kuma tsine masa ba. Ya juya ya hau mota ya zauna kusa da kan mahaifiyarsa, ya sa hannu ya danne gefen tabarmar don kada iska ta ɗaga.

An rufe Inna Ladidi rana na gab da faɗuwa, ba idon namijin da ya ga ko yatsanta. Duk Tsaunin Bawa ta fito sallarta, sahu har bakin kasuwa. Mutum ɗaya ne bai samu ba, shi ne Haladu.